Likitoci biyu, takardun magani biyu: ina matsayin mai ba da shawara?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni sabuwa ce a aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai wata baiwar Allah da nake gani duk mako saboda ciwon damuwa. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ta a kan sataralin, kuma ya ja kunnenta kada ta kusanci maganin barci. Kwanan nan ciwon baya ya matsa mata, ta je wurin wani likita dabam, ya rubuta mata tiramadol da diyazefam. Ta zo min da takardun biyu tana cewa da ni ta yarda, in zaɓa mata wadda za ta bi. Ni ba likita ba ce, amma ina tsoron in yi shiru wani abu ya same ta. Mene ne aikina a nan?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, abin da kike tambaya shi ne: mutumin da ba shi da ikon rubuta magani, amma shi mara lafiya ya fi sakin jiki da shi, yaya zai yi idan aka ajiye masa takardu biyu masu karo da juna aka ce ya raba gardama? Ba ke za ki zaɓa mata ba, kuma ba za ki naɗe hannu ba. Aikinki shi ne ki tabbatar takardun nan biyu sun haɗu a gaban mutum ɗaya mai ikon yanke hukunci a kansu, da izinin matar, kuma da saurin da haɗarin ya buƙata.

Bari in fara da ita kanta matar, domin maganarta ba ta jiran zaman mako mai zuwa ba ce.

Sataralin yana cikin magungunan ciwon damuwa masu ƙara aikin sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa. Tiramadol kuwa, ban da kashe ciwo da yake yi irin na dangin kodin da mofin, shi ma yana ƙara serotonin. Idan suka haɗu, a jikin wasu mutane sinadarin kan yi yawa har ya koma guba. Zufa ta karyo, jiki ya ɗauki rawa, tsokoki su riƙa fizga musamman na ƙafa, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ga zawo, ga zazzaɓi, mutum ya rikice. Yawanci alamun kan bayyana cikin kwana ɗaya da fara sabon maganin ko ƙara yawansa. Tiramadol kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma haɗa shi da maganin damuwa na ƙara wannan haɗarin. Sai haɗi na biyu, tiramadol da diyazefam. Diyazefam, wanda da yawa suka sani da sunan Valium, maganin kwantar da hankali ne mai sa barci, wato irin wanda likitan ƙwaƙwalwa ya hana ta. Kowannensu yana danne numfashi, in suka taru mutum na iya kwanciya barci numfashinsa ya yi ta raguwa ba wanda ya sani. A 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗinta mafi tsanani a takardun waɗannan dangogin magani biyu kan haɗa su.

Wannan bai nuna likita na biyu ya yi kuskure ba. Likitoci kan haɗa irin waɗannan da saninsu, da ƙaramin awo, na 'yan kwanaki, suna sa ido. Abin da ya kamata a gano shi ne ko ya san tana shan sataralin a lokacin da ya ɗauki biro. Idan kuma ta riga ta fara sha, kika ga alamun da na lissafa, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko numfashi a hankali, ko maganarta na harɗewa, to zaman shawara ya ƙare a nan. Sashen gaggawa na asibiti za a kai ta, da duk kwalayen magungunan a hannu, kuma kada ta tuƙa mota da kanta.

Yadda ake wayar gari da takardu biyu

Abin da ya faru da matar nan ba baƙon abu ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami na musamman kan illar da kurakuran magani ke jawowa, da burin rage munanan illolin da za a iya kauce wa da kashi 50 cikin 100 a shekara biyar. Biyu daga wuraren da ta fi mayar da hankali su ne shan magunguna da yawa a lokaci guda, da kuma lokacin da mara lafiya ke wucewa daga hannun wani mai kula da shi zuwa hannun wani. Matar nan ta faɗa cikin duka biyun. Haɗarin haɗuwar magunguna masu taɓa serotonin ma ya daɗe da shiga tarihin aikin likita. A 1984 wata budurwa 'yar shekara 18, Libby Zion, wadda ke shan maganin damuwa fenelzin, ta rasu a wani asibiti a birnin New York sa'o'i kaɗan bayan an yi mata allurar kashe ciwo ta fetidin, kuma masana da yawa sun ɗora alhakin a kan haɗuwar magungunan biyu. Ƙurar da mutuwarta ta tayar ce ta kai ga dokar 1989 da ta taƙaita awoyin aikin likitoci masu neman ƙwarewa a jihar zuwa 80 a mako.

A abin da na gani a aiki, sanadin da ya fi yawa shi ne likita na biyu bai san da na farko ba. Wani lokaci bai tambaya ba. Sau da yawa kuwa ya tambaya, mara lafiyan ne ya ɓoye. Mutum zai faɗi maganin hawan jini da na suga ba tare da jin komai ba, amma ya haɗiye sunan maganin ƙwaƙwalwa don kada a canza masa kallo, ko don kada a ce ciwon bayan ma "a kansa yake". Wannan ɓangaren ya shafe ki kai tsaye, domin kunya da tsoron tsangwama abubuwa ne da ake warwarewa a ɗakin shawara. Ki tambaye ta a hankali: "Da kika je wurinsa, kin samu kin gaya masa kina shan sataralin?" Ki lura da "kin samu". Yana ba ta ƙofar cewa a'a ba tare da ta ji an kama ta da laifi ba.

Akwai kuma magani ɗaya mai suna biyu. Bufurofiyon ana sayar da shi da sunan Wellbutrin don ciwon damuwa, da sunan Zyban don daina shan sigari. Mai shan duka biyun ya ninka awon magani ɗaya, wanda kuma yawansa ke jawo jijjiga, alhali shi yana ganin abu biyu yake sha. Akwai tsohuwar takarda da ba a soke ba: an kwantar da mutum, an canza masa magani, an sallame shi, ya koma gida ya ci gaba da tsohon ya haɗa da sabon. Akwai maganin da aka rubuta don gyara illar wani maganin ba tare da an gane illa ce ba, kamar amlodifin na hawan jini ya kumbura ƙafa, wani likita ya ga kumburi ya ƙara maganin sa fitsari.

Sannan akwai karon da ba karo ba ne. Amitiriftilin maganin damuwa ne, amma ana ba da ƙaramin awonsa don ciwon jijiya. Karbamazefin a takardar cikin kwali an rubuta farfaɗiya, amma ana amfani da shi wajen daidaita yanayin masu ciwon hawa da saukar yanayi. Wani lokaci likita na rage wani magani a hankali yana ƙara wani, sai a ga biyun tare na 'yan makonni. Mai ba da shawaran da ya buɗe intanet ya ga jan rubutu ya firgita mara lafiya zai iya rusa tsarin da aka gina da lissafi.

Dalilin da ya sa ba za ki zaɓa ba

Na farko doka ce da ƙa'idar aiki. Rubuta magani, canza awonsa, da dakatar da shi, duk aikin mai lasisin yin haka ne. Ko a Amurka, inda jihar New Mexico ta fara ba wasu masana halayyar ɗan adam ikon rubuta magungunan ƙwaƙwalwa a 2002, Louisiana ta biyo baya a 2004, sai da ƙarin karatu na musamman kan ilimin magunguna. Cewa "bi wannan, bar wancan" rubuta magani ne, ko da da baki aka yi shi.

Amma ni dalilin da ya fi damuna ba lasisin ba ne. Ba ki da abin da ake yanke hukuncin da shi. Ba ki ga gwajin ƙodarta da hantarta ba, ba ki ga hoton bayanta ba, ba ki san abin da likitan ƙwaƙwalwa ya gani a tarihinta da ya sa ya hana maganin barci ba. Wataƙila maganin barcin ya taɓa kama ta har ta kasa rabuwa da shi. Wataƙila tana da matsalar numfashi cikin barci. Kuma dakatar da magani shi ma yana da nasa haɗarin, wani lokaci ya fi na ci gaba da sha. Wanda ya yi makonni yana shan diyazefam kullum, in ya yanke shi rana ɗaya, yana iya yin jijjiga. Wanda ya yanke maganin damuwa farat ɗaya zai iya fama da jiri, tashin zuciya, rashin barci da wani abu kamar fizgar lantarki a kai, bayan haka ciwon da ake magani ya dawo.

Ki kuma kula da abin da fuskarki ke faɗa. Matar nan ta ce da ke ta yarda, don haka tana karanta ki. Idan kika ɗauki takarda ta biyu kika yamutsa fuska, kika ce "kai, wannan likitan!", kin zaɓa mata. Haka "da ni ce da ba zan sha ba". Masu aikinmu da yawa da ba za su taɓa cewa a daina magani ba suna faɗin hakan da gira da sautin murya, mara lafiya ya tafi gida ya zubar da kwalin.

Shi kuma shirun da kike tsoro, kin yi daidai da kike tsoronsa. "Ni ba likita ba ce, koma ki tambaye su" magana ce ta gaskiya, amma in aka tsaya a nan an sallami mutum da matsalarsa. Wanda aka bari a tsaka mai wuya irin wannan abu uku yakan yi: ya sha duka, ya bar duka, ko ya zaɓi na likitan da ya fi yi masa fara'a. Ke kike ganinta duk mako, kusan awa guda. Likita na iya ganinta bayan wata ɗaya ko uku, na 'yan mintoci. Babu wani a cikin masu kula da ita da ya riƙe takardun biyu a hannu ɗaya sai ke.

Abin da nake yi idan haka ta taso

Ina fara da cewa a kawo min komai a leda ɗaya. Takarda ba ta isa ba, ina son ganin kwalaye da kwalabe. Na asibiti, wanda aka saya ba takarda, na mura da tari, na ciwon kai, na ƙarin kuzari, na ganye da saiwoyi, har wanda wani ɗan'uwa ya ba shi daga nasa. Sai mu zazzage a kan tebur mu bi su ɗaya bayan ɗaya. A kan kowanne ina rubuta sunan da ke jikin kwali, ƙarfinsa, wanda ya rubuta, ranar da aka fara, yadda aka ce a sha, da yadda ake sha a zahiri. Layin ƙarshen nan shi ne mai daraja. Ina duba katin ƙwayoyin in ga gurabe nawa aka ɓalle. Katin da aka karɓa mako biyu da suka wuce amma ƙwaya uku kawai suka fita ya gaya min abin da bakin mutum bai faɗa ba, haka kuma na wata guda da ya ƙare cikin kwana goma. Ba na yin sharhi, lissafi kawai nake yi. A irin wannan zazzagewar ne ake tsintar ibufurofen ko dikulofenak a ledar mai shan litiyam, maganin ciwon hawa da saukar yanayi. Waɗannan magungunan ciwon jiki suna hana ƙoda fitar da litiyam yadda ya kamata, ya taru a jini, kuma tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke cutarwa a litiyam ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Mai shi bai taɓa ambata su ba don a wurinsa ba "magani" ba ne, abin ciwon kai ne.

Daga nan sai izini. Ki bayyana mata wa kike son tuntuɓa, me za ki faɗa, me ba za ki faɗa ba, ta sa hannu a rubuce. Likitan baya yana buƙatar sanin sunan maganin da awonsa. Ba ya buƙatar sanin abin da ke tsakaninta da mijinta. Mutane da yawa da ke ƙin ba da izini suna sakin jiki da zarar sun ji iyakar abin da zai fita.

Sai kira, a ranar, kuma na fi so a yi shi tana zaune. In za ta iya, ita ta kira, wayar a buɗe, ke kina gefe. Wa za a fara kira? A nan ni likitan ƙwaƙwalwa zan fara nema, tunda shi ya san tarihinta kuma shi ya kafa sharaɗin da sabuwar takardar ta ci karo da shi. Yadda ake magana da likita yana da tasiri sosai. Gajere, a jere, ba zargi: "Likita, ni ce mai ba wance shawara, tana nan tare da ni kuma ta ba ni izini. Tana shan sataralin da ka rubuta mata. Ranar kaza wani likita ya rubuta mata tiramadol da diyazefam saboda ciwon baya, awo kaza. Ta sha sau kaza, ko ba ta fara ba. Yau na ga kaza da kaza a jikinta. Me za ta yi kafin lokacin shan magani na gaba?" Ki faɗi abin da idonki ya gani, hannu na rawa, tana gyangyaɗi tsakiyar magana. Kada ki faɗi sunan cutar da kike zato. Sannan ki rubuta amsarsa, ki maimaita masa ita, ki tambaya wa zai sanar da ɗaya likitan.

Idan likitocin ba su samu ba, kada ki manta da masanin harhaɗa magunguna. Duba haɗuwar magunguna shi ne ainihin karatunsa, ya fi sauƙin samu, kuma likitoci sun fi saurin ɗaukar kiransa a kan irin wannan batu. Ni a ganina shi ne abokin aikin da masu ba da shawara suka fi yin sakaci da shi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wadda za ta yi miki a bakin ƙofa: "To yau da daddare me zan sha?" Za ki ji wasu na cewa a ce wa mutum ya ci gaba da tsohon, ya dakata da sabon har a ji daga likita. Sau da yawa wannan ne mafi ƙarancin haɗari, kuma a batun matar nan, idan ba ta fara sababbin ba, da wuya jinkirin 'yan sa'o'i ya cutar da ita fiye da ciwon bayan da take ciki. Amma ba ƙa'ida ce da za a shimfiɗa wa kowa ba. Idan sabon maganin na zuciya ne, ko na kashe ƙwayoyin cuta, ko na hana jini daskarewa, jinkirin kansa haɗari ne. Idan kuma ta riga ta yi makonni a kan diyazefam, "dakata da sabon" shi ne ainihin abin da ba a so. Shi ya sa nake dagewa amsar daren nan ta fito daga bakin likita ko masanin magunguna kafin ta bar hannunki, ko da likitan da ke bakin aiki a asibiti mafi kusa ne.

Idan ta ƙi

Za ta iya cewa ba ta yarda a gaya wa kowa ba. Kada ki yi gaggawar matsa mata, ki nemi dalilin. Idan kunya ce, ana iya ba ta jerin magungunan a takarda ta kai da hannunta, ku gwada a ɗaki yadda za ta buɗe maganar. Kina kuma iya tambayar masanin magunguna game da haɗin ba tare da ambaton suna ba, ki dawo mata da abin da ya ce a matsayin maganarsa.

Akwai wani dalili da ya kamata ki riƙe a zuciya ba tare da kin ɗora mata shi ba. Tiramadol da diyazefam duka suna kama mutum. Wani lokaci zuwa wurin likita na biyu hanya ce ta samun abin da na farko ya hana, kuma neman ki "zaɓa" neman goyon baya ne. Alamarsa ita ce duk hanyar da za ta sa likitocin su ji juna sai ta toshe ta. Ko a nan, tuhuma ba ta haifar da komai sai ɓacewar mutum. Tambaya kan barcinta, kan yadda take ji in maganin ya ƙare, kan ko ta taɓa shan fiye da yadda aka rubuta, ta fi kai ki ga gaskiya. Kuma mai ciwon damuwa da ya tara magunguna masu danne numfashi a gida, dole a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi.

Riƙon sirri yana da iyaka idan rai na cikin haɗari na kusa, amma inda aka ja layin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da kuma ƙa'idar ƙungiyar da ta ba ki lasisi. Wannan ba hukuncin da sabon ma'aikaci zai yanke shi kaɗai ba ne. Ki kai wa mai duba aikinki a ranar, kuma in har za a buɗe sirri, ita ta fara ji daga bakinki.

Abin da kunnenki zai riga na likita ji

Akwai labaran da ake fara faɗa a ɗakin shawara, waɗanda suke canza lissafin magani gaba ɗaya, mai faɗin kuma bai san suna da alaƙa da magani ba. Mutum ya zo da murna ya ce ya yi mako guda bai sha sigari ba, wataƙila ma ke kika taimaka masa. Idan yana shan magungunan ƙwaƙwalwa kulozafin ko olanzafin, wannan labari ne da likitansa ke buƙatar ji da wuri. Hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa narkar da waɗannan magunguna da sauri, in aka daina sai awon da ya saba ya yi masa yawa a jini. Hayaƙin ne ke yin haka, ba nikotin ba, don haka mannen nikotin da ake liƙawa a fata ba ya hana abin faruwa. Mace ta ce suna shirin samun ciki alhali tana shan falfurowet, maganin farfaɗiya da ciwon hawa da saukar yanayi: kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsu a kan wannan magani kan zo da nakasa, 3 zuwa 4 cikin 10 kuma kan samu matsalar girma da koyo. Ba za ki ce ta daina ba, domin yanke shi na iya dawo da farfaɗiya ko tayar da ciwon, amma ba za ta fita ba tare da an tsayar da ranar ganin likita ba. Karbamazefin yana raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa. Rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfin magunguna masu yawa, har da wasu na ƙwaƙwalwa.

Haka kuma illar magani kan zo da kamannin ciwon da kike aiki a kai. Na taɓa zama da wani bawan Allah da ya ce fargabarsa ta dawo sabuwa. Ya kasa zama a kujera, ƙafafunsa na ta motsi, ya miƙe ya je taga ya dawo, ya ce ji yake kamar ya fita daga fatarsa. Da na tambaye shi abin da yake tsoro, ya ce ba komai, jikin ne kawai ya ƙi tsayawa. Wannan amsar ce ta sa na tambayi ko an ƙara masa wani magani. Ashe an ba shi maganin tashin zuciya, metokulofuramid, a kan maganin ƙwaƙwalwar da yake sha, kuma duka biyun suna iya jawo irin wannan rashin natsuwar jiki. Likitansa ya gyara, abin ya lafa. Atisayen numfashi ba zai taɓa warkar da shi ba. Tun da ke za ki riƙa ganin irin wannan, ki mayar da tambayar "an canza miki wani magani tun zamanmu na baya?" ta zama ta kowane zama.

Idan likitocin sun ji juna kuma ba su daidaita ba

Yana faruwa. Ɗaya na ganin ciwon da ke hana barci shi ma yana tsananta damuwa, ɗaya na ganin haɗarin kamuwa ya fi girma, kuma kowanne na da hujja. A nan ma ba ke ce alƙali ba. Hukunci na ƙarshe na mai jikin ne, bayan an yi mata bayani da harshen da ta gane. Taimakonki shi ne ta fito da abin da ya fi muhimmanci a wurinta, ta shirya tambayoyinta a rubuce: me zai faru in na sha, me zai faru in ban sha ba, akwai wani maganin ciwon da bai karo da sataralin, har yaushe zan sha, wace alama ce za ta sa in dawo da gudu. Ta nemi likita ɗaya ya zama mai riƙe da jerin magungunanta duka, ta nemi tsarin a rubuce, kuma tana da damar jin ra'ayin likita na uku. Idan ta ce "ke kaɗai kika fahimce ni, su ba ruwansu da ni", kada daɗin maganar ya ja ki. Ki karɓi ɓacin ranta, amma kada ki taya ta zagin wanda gobe za ta koma hannunsa.

Idan likita ya share kiranki, ki rubuta gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da jerin magungunan da abin da kika gani, ki ajiye kwafi. A fayil ɗinta ki rubuta ranar da ta kawo takardun, abin da ta ce, abin da kika lura da shi, izinin da ta bayar, wanda kika kira da ƙarfe nawa, da abin da ya ce da kalmominsa.

Ni ma mai ba da shawara ne, ba likita ba, kuma ban ga matar nan ko fayil ɗinta ba. Abin da na faɗa kan magungunan don ki gane girman gaggawar ne, ba don ki maimaita mata shi a matsayin hukunci ba. Kada ki jira ranar zamanku ta mako. Ki kira ta yau ki ji ko ta fara sha da yadda jikinta yake, ki tambaya ko akwai wanda ke kwana kusa da ita da zai lura da numfashinta, sannan ki sa mata zama na kusa, gobe in zai yiwu, ta zo da ledar magungunan.